Rijiyar da Ramla Ta Zana da Haske

Ranar da Malam Badaru ya fara tuɓe takalmi ya gaida matarsa, dariya muka yi, ni da ita. Ina tsaye a bakin dangar da ta raba gidana da nasu, ina jiran ta miƙo mini rariya, sai ga shi ya fito daga ɗaki. Yana hango ta ya yi turus, ya cire takalmansa, ya tsuguna can nesa da murhu, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Inna, an kwana lahiya? Ina gajiyar hanya?"

Ramla ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Lahiya lau, ɗan nan," don ta ɗauka tsokana ce irin tasa. Malam Badaru mutum ne mai barkwanci tun yana jan guga a rijiyoyin arewa, kafin fari ya cinye musu dabbobi su dawo Dakoro da zama. Amma bai yi dariya ba. Ya miƙe a sunkuye, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya zagaya bayan rumbu ya ɓuya. Daga nan muka daina dariya.

Dama gigin tsufa ya daɗe yana yi masa sallama. Yau ya manta inda ya ɗaure akuya, gobe ya sake sallar da ya riga ya yi. An kai shi likita, aka ce wannan ba ciwon allura ba ne, sai haƙuri. Abin da ba wanda ya zata shi ne inda gigin zai sauka. Ramla da ta tsufa ta koma mahaifiyarta sak: goshin nan, ramar kumatun nan, har yadda take dafa ƙugu in za ta tashi. Mahaifiyar kuwa ta rasu tun kafin a yaye Nafi'u, autansu, wanda yanzu yake can Aljeriya yana leburanci. A idon Malam Badaru, surukarsa ce ta zo baƙunta ta ƙi tafiya, matarsa kuma ta je rijiya ba ta dawo ba.

Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ya kwashe tabarmarsa ya koma rumfar awaki. Ba ya shan ruwa in tana tsakar gida, balle ya kai loma baki. In ta ajiye masa fura ta shiga ɗaki, ya san tana ciki, sai ya bar wa ƙudaje. In ta fita unguwa don ya sake, sai ya bar ƙwaryar ya bi titi yana tambayar mutane ko sun ga Ramla. Mutumin da a da yake ɗaga buhun hatsi shi kaɗai, ya zama iska na iya kayar da shi.

Na sha ce mata, "Yaya, ki tsaya gabanai ki ce mashi ke ce!"

Ta ce, "Adawiyya, na hwaɗa har bakina ya bushe. Ta yaya za shi gane ni, shi da ba ya ɗaga ido ya dube ni? Ƙahwahuna kaɗai yake gani."

Gaskiya ta faɗa. Kunyar da ake yabonsa da ita tun yana saurayi, ita ce ta zama katanga. Ni kam na tsani kunyar nan a lokacin, na tsane ta kamar in kama ta in shaƙe.

Sai aka yi rasuwa a Sabon Maci, a gidan ƙanin Ramla, dole ta je gaisuwa. Aisata, ƙanwar Malam Badaru, wadda ke zaune kusa da kasuwar dabbobi tun da mijinta ya rasu, ita ta zo ta kwana da shi. Ya kuwa gane ta sarai, har da sunan tsokanar da yake kiranta da shi suna yara. Ya ci tuwo, ya nemi ƙari, ya koma ɗakinsa ya yi barci. Ramla na dawowa ya tattara tabarma ya koma wurin awaki.

Aisata ba muguwa ba ce, amma ba ta iya tauna magana ba. A gabana ta ce, "Matar yaya, ki gahwarce ni, abin ga a hili yake. Kina nan ba ya ci, ba ki nan shina ci. Ki koma Sabon Maci ki zamna wajen ƙanenki, ni in dawo nan. In ba haka ba, yunwa za ta kashe shi da tuwo a gabanai."

Ramla ta ce, "Ni da gidana? Ni anka kawo ma shi bisa raƙumi, ni za ni hita da ƙahwata?"

Aisata ta ce, "To zaɓi, ko gidan ko mai gidan."

Ramla ta ɗauki faifan da take saƙawa ta ci gaba da soka kaba.

A waɗannan kwanakin ne na ja ta zuwa gidan mata, wato cibiyar koyon sana'a ta matan garinmu, don ta sha iska ta daina kallon rumfar awaki. Wata ƙungiya ta kafa furoje, wato shirin tallafi, a can, ta ba mata masu saƙar faifai da tabarma ɗaki guda, wai su riƙa gwada zane da launi kafin su ɓata kaba da rini. Ɗaki ne mai labule baƙi ko'ina, da farin bango, da majigi rataye a sama yana watsa haske, ga wata 'yar kamara kusa da shi tana kallon hannun mutum. A kan tebur an jera ƙananan ƙorai, ba komai a cikinsu. Ka ɗauki tsinken icce ka tsoma a ƙwaryar farko, ka ja shi a bango, sai ja ya bi hannunka. Ka tsoma a ta biyu, shuɗi. Ka shafa da tafin hannu, ya goge. Mata suka sa masa suna rini babu baba. Ni ranar farko har shinshina tsinken na yi, aka yi ta yi mini dariya, su da ba su fi ni wayewa da komai ba.

A gefe kuma akwai wani faffaɗan akwati cike da rairayi, shi ma da nasa hasken a kai. In ka tara rairayin, sai tudu ya tashi a bango, kamar kana tsaye a gabansa. In ka haƙa rami, ruwa ya taru. Akwai 'yan gumakan icce, sa da raƙumi da itace, duk inda ka dasa su a rairayi nan za su bayyana a bango, in ka tura su su yi tafiya.

Madam Hamdiya ce ke kula da ɗakin, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, mace mai haƙuri da surutunmu. Ta miƙa wa Ramla tsinke ta ce, "Inna, gwada."

Ramla ta ce, "Kar ki ce mani Inna."

Madam ta yi sororo. Na yi mata ido, ta gyara ta ce, "Gwaggo, gwada. Amma ki tsaya daga gehe. In kin shiga tsakanin hitila da bango, inuwarki za ta ruhe abin da kika zana."

Ramla ba ta zana faifai ba. Rairayin ne ya ja ta. Ta sa hannu biyu ta tara tudu a dama, ta ja wani dogo a hagu, ta bar kwari a tsakani. Ta ɗaga kai ta dubi bango, sai na ga ta daina motsi. Ta gyara kafaɗar tudun da gefen hannu, ta sake dubawa. Ta danna babban yatsa a tsakiyar kwarin, ruwa ya fito.

A hankali ta ce, "Rijiyarmu ce. Ta hanyar Tagriss. Nan yag gan ni."

A hanyar komawa gida ta gaya mini abin da ta ƙudura. Tunda Malam ya koma can baya ya zauna, ya ƙi zuwa inda take, ita za ta bi shi can. Za ta gina masa rijiyar, da tuddan, da yarinyar da yake nema. In ya shiga ciki ya sake, ya ɗaga kai, sai ta fito gabansa. Ido ɗaya take so ya yi mata, ta tabbata in ya dube ta sosai zai gane ta. Na so in ce mata anya, amma na ga yadda take tafiya da sauri kamar budurwa, sai na haɗiye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta shiga zuwa kullum da hantsi, bayan ta ajiye masa furar da ba zai sha ba. Madam Hamdiya da ta ji labarin ta daina sa mata lokaci, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ta juya na'urar kan batirin hasken rana, kuma kullum ta adana aikin don kada na wasu ya hau kansa. Ni ce 'yar rakiya, ni ce kuma mai sa baki inda ba a tambaye ni ba.

Ban san Ramla ta riƙe abubuwa haka a kanta ba. Aduwar da ke gabas da rijiya ta zana ta ta goge ya fi a ƙirga, wai reshenta ɗaya ya karye ya rataya, kuma ba haka ya rataya ba. Ta zana itatuwan bakin rijiya da zaizayar da igiya ta yi musu. Ta zana komin shayarwa, da kashin shanu, da tumfafiya. Launin ƙasa ya ba ta wahala. Ta ce wa Madam wannan jan na ƙasar Maradi ne, ƙasar can ta fi haske, kamar garin gero da aka soya kaɗan. Madam ta koya mata tsoma tsinke a ƙwarya biyu a jere don launi ya gauraya, ta yi ta gaurayawa har ta samu. Wata rana na ga ta kai yatsa baki bayan ta shafa bango, kamar yadda take yi in tana rina kaba, sai ta tuna ba komai a yatsan.

Yarinyar ta bari a ƙarshe. Fuska ta gagare ta. Duk wadda ta zana sai ta fito da goshin tsohuwa, ta sa tafi ta share da fushi. Daga baya ta haƙura ta zana ta ta baya: siririya, da baƙin zane mai sheƙin baba, da kitso biyu a kafaɗa, tana jan takarkari da igiya a hannun hagu, don Ramla bahaguwa ce. Madam ta haɗa zanen da wani ɗan guntun icce, yadda in an tura shi a rairayi yarinyar za ta taka a bango.

Duk wannan lokacin Malam Badaru na ƙara lalacewa. Aisata kan zo ta ja shi gidanta ta ba shi kunu, amma ba ya yarda ya kwana can, wai kada Ramla ta dawo ta tarar ba ya nan. Wuyansa ya zama kamar na zabo. Aisata ta daina magana, sai dai ta dubi Ramla ta dubi yayanta, wannan kallon kuwa ya fi zagi ciwo.

Ranar da aka shirya, Ramla ta riga mu tafiya, don ba zai hau amalanke ɗaya da surukarsa ba. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko tsohon baƙin zanenta, ta sa aka yi mata kitso biyu da ɗan gashin da ya rage. Ta dama fura da nono mai kyau ta ba ni. Ni na ce masa an ga Ramla a rijiya. Ban taɓa ganin ya sa takalmi da sauri haka ba.

Rana tsaka muka shiga ɗakin zanen, daga haske zuwa duhun labule. Na zaunar da shi a tabarma, na ajiye ƙwaryar fura kusa da gwiwarsa. Ramla na tsugune a lungu bayan akwatin rairayi, inda haske ba ya kaiwa. Madam ta kunna.

Bango ya buɗe. Tudu a dama, tudu a hagu, aduwa da karyayyen reshe, rijiya a tsakiya. Malam Badaru ya ɗaga kai. Wallahi na manta rabon da in ga ƙwayar idonsa. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Sai ya ce, "Har yanzu ba su sare reshen ga ba."

Na ji numfashin Ramla daga lungu. Ta tura guntun icce a rairayi, yarinyar ta fito daga bayan aduwa tana jan takarkari. Ya yi wata 'yar dariya, irin wadda na sani ta da.

Ya ce, "Bahaguwa! Ke dai ba ki jin magana. Na ce ki bar naɗe igiya ga hannu, wata rana san ga zai ja ki cikin rijiya."

Ramla ta tsayar da yarinyar. Ya matsa gaba da gindi, hannunsa ya taɓa ƙwarya. Ya duba, ya ɗauki ludayi, ya sha. Ya sake sha. Ya cika ludayin ya miƙa wa bango, ya ce, "Amshi, kin sha rana." Madam Hamdiya ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa ina cewa a raina yanzu, Yaya, yanzu.

Ramla ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta tako cikin hasken.

Ta manta abin da aka gaya mata ranar farko, ko kuwa ba yadda za ta yi, don ba wata hanyar zuwa gabansa sai ta nan. Inuwarta ta hau bango, ƙatuwa, ta haɗiye yarinyar da takarkarin da rabin rijiyar. Zanen kuma ya sauka a jikinta, reshen aduwa ya ratsa goshinta, launin ƙasa ya kwanta a kumatunta. Ta miƙa hannun hagu don ta karɓi ludayin.

Ta ce, "Malam, ga ni. Ni ce."

Ya dube ta. Wannan karon ya dube ta sosai, ido cikin ido, abin da ta yi ta roƙon Allah a kai. Ya dubi goshin, ya dubi kumatun, ya dubi kitson. Sai ludayin ya faɗi daga hannunsa, fura ta zube a tabarma. Ya goge baki da sauri kamar wanda aka kama yana sata, ya lalubo takalmansa ya cire, ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji.

Ya ce, "Inna, ki yi mani aikin gahwara. Ban san kina nan ba."

Ina jin ƙarar fankar majigi kawai. Ramla ta tsaya da hannunta a miƙe. Sannan ta ja da baya, taki ɗaya, taki biyu, ta koma cikin duhu. Inuwar ta sauka, yarinyar ta dawo inda take, da igiyarta a hannu.

Ya daɗe kafin ya saci kallo. Da ya ga yarinyar ce kaɗai, ya rage murya ya ce, "Ta hita?"

Na ɗauka ba za a amsa ba. Sai na ji raɗa daga lungu, siririya, ba ta yi kama da muryar kowa ba.

"Ta hita."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya kafa kai, ina ganin maƙogwaronsa na hawa da sauka. Ya sauke, ya matsa kusa da bango har hasken ya taɓa hularsa.

Ya ce, "Ramla, in tambaye ki, kar ki ji haushi. Ba don ba ni son ta ba, Allah ya sani mutuniyar kirki ce. Amma yaushe Inna za ta koma gida? Na gaji. Ba ni iya ci, ba ni iya kwana, ko tari ba ni iya yi cikin gidana. Yunwa nike ji, Ramla. Kullum yunwa nike ji."

Na cusa bakin mayafina a baki don kada kukana ya fito. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci guda har na rasa wanda zan fi tausaya wa ba sai ranar. Daga lungu sai ƙarar rairayi da ake damƙa ana saki. Yarinyar da ke bango ta ɗan girgiza.

Raɗar ta ce, "Gobe za ta tahi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya shanye sauran furar har ya lashe bakin ƙwarya.

Washegari da safe Aisata ta iso da ƙunshin kayanta a ka. Ta durƙusa ta riƙe hannun Ramla. Ramla ta nuna mata inda gero yake, da yadda yake son fura ba tsami sosai, da akuyar da ke tsinke igiya. Ni ta ce in riƙa kai shi gidan mata in ya rikice, Madam ta yi alkawarin ba za ta goge rijiyar ba. Kayan Ramla ba su da yawa: buhu ɗaya, da damin kaba, da faifan da ba ta gama ba.

Da ta ɗauki buhun, Malam Badaru ya fito daga rumfar awaki, takalmi a hannu. Ya karɓi buhun ya ɗora a kafaɗarsa, duk da ramar da ya yi, ya biyo ta a baya da tazara, kansa a ƙasa, har inda amalanken da zai kai ta tasha yake tsaye. Fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin ciwon. Ya ajiye buhun, ya tsuguna a cikin rairayin titi.

Ya ce, "Inna, mun gode da ziyara. Allah ya kai ki lahiya, a gaida mutan gida." Kunya ta kama shi, sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "In kin isa, don Allah ki turo mani ita. Ta daɗe."

Ramla ta dubi tsakiyar kansa, inda hular ta zame furfura ta fito. Ta ɗaga hannun hagu kamar za ta gyara masa hular, sai ta mayar da shi cikin mayafi.

Ta ce, "To, ɗan nan. Za ni turo ta."